Man Kifi na Kwalba: Yadda Ake Gane Mai Inganci da Mai Araha

Gabatarwa

A kantunan magani na manyan garuruwa, kusa da inda ake jera bitamin da maganin ƙarin jini, akan ga wasu kwalabe cike da ƙwayoyi masu santsi, ruwan zuma, waɗanda haske ke ratsawa. Man kifi ke nan. Wata kwalbar an rubuta mata Omega-3, wata an zana mata kifi da zuciya, mafi yawansu kuma suna ɗauke da lamba 1000 ɓaro-ɓaro a gaba. Farashinsu kuwa ya bambanta ƙwarai da gaske. Mai saye, wanda sau da yawa ɗa ne da aka aika ya sayo wa mahaifinsa mai hawan jini, ko miji da ya zo nema wa matarsa mai juna biyu, ba shi da abin dogaro sai maganar mai kanti da nauyin aljihunsa. Idan ya ɗauki mai tsada, mai yiwuwa kuɗin suna kawai ya biya. Idan ya ɗauki mai araha, mai yiwuwa lalataccen mai ya kai gida.

Wannan darasi zai nuna cewa ana iya fita daga wannan duhu da ɗan ilimin kimiyyar sinadarai da lissafin da bai wuce na aji ɗaya na sakandare ba. Abin da ake saye a cikin kwalbar sinadarai ne guda biyu, kuma da yawansu ake auna araha, da lafiyarsu ake auna inganci.

Abin da ke cikin man kifi

Kowane irin mai, na gyaɗa ne ko na shanu ko na kifi, an gina shi da wasu dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin zarra na kabon da haidurojin. Waɗannan sarƙoƙi su masana ke kira asid na maiƙo. A wasu wurare a jikin sarƙar, ƙwayoyin kabon biyu kan riƙe juna da ɗauri biyu maimakon ɗaya, wato tagwayen ɗauri. Idan aka fara ƙirga daga wutsiyar sarƙar aka tarar da tagwayen ɗauri na farko a kan kabon na uku, sai a ce wannan maiƙo ɗan gidan omega-3 ne. Idan a kan na shida ne, ɗan gidan omega-6 ne.

A shekarar 1929, George Burr da matarsa Mildred Burr na Jami'ar Minnesota ta Amurka suka ciyar da ɓeraye da abincin da aka tsame masa mai ƙaf. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu da wutsiyoyinsu suka yi ɓawo. Daga nan aka gane cewa akwai maiƙon da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa, tilas sai an ci shi a abinci.

'Yan gidan omega-3 da suka shafi wannan darasi uku ne. Na farko shi ne ALA, mai kabon 18 da tagwayen ɗauri 3, wanda ake samu a tsirrai, alal misali a man waken suya. Na biyu EPA, mai kabon 20 da tagwayen ɗauri 5. Na uku DHA, mai kabon 22 da tagwayen ɗauri 6. Jikin ɗan'adam yana iya juya ALA ya koma EPA, amma ɗan kaɗan yake iyawa, abin da yake juyawa zuwa DHA kuma bai ma kai haka ba. Dalili ke nan da ya sa ake neman waɗannan biyu kai tsaye daga kifi. Shi ma kifin ba shi ne ainihin mai ƙera su ba. Ƙananan gansakukan teku, waɗanda ido ba ya gani, su ke yin su, ƙananan halittun ruwa su ci gansakukan, kifi kuma ya ci halittun ya tara maiƙon a jikinsa.

DHA yana da yawa a ƙwaƙwalwa da tantanin gani da ke bayan ƙwayar ido, kuma jariri yana tara shi sosai a watanni ukun ƙarshe na ciki da shekaru biyun farko na rayuwa. Daga EPA kuwa jiki ke yin wasu sinadarai masu hannu a daskarewar jini da kumburi.

Mai iri biyu da ake rikitawa

Kuskuren farko da masu saye kan yi shi ne ɗaukar man hantar kifi da man jikin kifi a matsayin abu ɗaya. Man hanta ya daɗe a hannun mutane. Masuntan Norwe sun yi ƙarnoni suna tara hantar kifin kod a ganguna har ta ruɓe, mai ya taso sama, baƙi mai ɗoyi. A shekarar 1854 wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar, Peter Möller, ya fara sana'ar fitar da man daga sabuwar hanta ta hanyar tururi, aka samu mai fari mai sauƙin sha. Kifin kod ɗin nan shi ne dai wanda ake busarwa a Norwe ya yi tauri kamar itace, a kawo shi kasuwannin Nijeriya.

A wancan zamani cutar lanƙwashewar ƙashi ta addabi yaran biranen Turai masu hayaƙi da ƙarancin rana. A 1919 Edward Mellanby na Ingila ya nuna cewa man hanta yana warkar da cutar a jikin 'yan kwikwiyo. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya zafafa man yana hura masa iska har bitamin A da ke cikinsa ya lalace, amma duk da haka man ya ci gaba da warkar da ƙashi. Ta haka aka gano bitamin D. Sai dai ba kowace lanƙwasar ƙafa ce man hanta ke gyarawa ba. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran Nijeriya masu wannan cuta sun fi warkewa da sinadarin kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, domin a abincinsu kalsiyam ne ya yi ƙaranci.

Man hanta ke nan yana ɗauke da bitamin A da D masu yawa, bayan EPA da DHA. Bitamin A ba ya fita a fitsari, taruwa yake yi a hantar mutum, kuma idan ya wuce kima yana cutar da hanta da ƙashi, yana iya kuma nakasa ɗan tayi. Iyakar da aka sa wa baligi a rana ita ce maikurogiram 3,000, wato 10,000 a ma'aunin IU da ake rubutawa a kwalabe. Ƙaramin cokali ɗaya na man hanta irin na da yana da kimanin IU 4,500, saboda haka cokali uku ya ƙetare iyaka. Kamfanoni da dama sun rage yawansa a yau, amma sai an duba takarda ake sani. A tuna kuma cewa a Nijeriya ana ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, ana kuma ɗiga wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar mai ƙarfi sau biyu a shekara. Mace mai juna biyu kada ta sha man hanta sai da izinin likita.

Man jikin kifi kuwa daga naman ƙananan kifayen teku masu maiƙo ake tatso shi, irin su ancobi da sadin, kuma ba shi da bitamin A da D na a zo a gani. Wanda omega-3 kawai yake nema, wannan ne nasa.

Abin da bincike ya tabbatar

Kafin a tambayi wace kwalba za a saya, ya kamata a tambayi ko akwai bukatar sayen. Farin jinin man kifi ya samo asali ne daga tafiyar da likitoci biyu 'yan Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka yi zuwa tsibirin Girinlan a 1970. Sun auna jinin mutanen Inuwit 130, waɗanda abincinsu kifi ne da naman dabbobin teku, suka tarar kitsen jininsu bai kai na mutanen Denmak ba. Suka danganta wannan da rahotannin da ke cewa ciwon zuciya bai yawaita a tsakaninsu ba. A 2014 wasu masana a Kanada suka sake bin diddigin maganar, suka nuna cewa likitocin biyu ba su auna yawan ciwon zuciyar da kansu ba, kuma rahotannin da suka dogara da su masu rauni ne. Wannan darasi ne ga ɗalibin kimiyya: hasashe, kome kyansa, sai an gwada shi.

An kuwa gwada. A 1999 aka buga sakamakon wani gwaji a Italiya a kan mutane fiye da 11,000 da suka tsira daga bugun zuciya, inda aka ga giram ɗaya a rana ya rage mace-mace. Amma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su goyi bayan haka ga kowa da kowa ba. A 2018 gwajin VITAL na Amurka, mai mutane 25,871, ya nuna cewa giram ɗaya a rana na kimanin shekara biyar bai rage jimillar manyan cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ba, bai kuma rage sankara ba. A shekarar dai, gwajin ASCEND na Birtaniya a kan masu ciwon sukari 15,480 ya ba da irin wannan sakamako. Gwajin REDUCE-IT, shi ma na 2018, ya sha bamban: giram 4 a rana na tataccen EPA ya rage aukuwar cututtukan da kashi 25 cikin ɗari ga masu yawan kitsen jini da ke cikin haɗari. Sai dai wannan magani ne da likita ke rubutawa, ba na kan kanta ba, kuma a 2020 gwajin STRENGTH, wanda ya ba da giram 4 na haɗin EPA da DHA, bai ga amfani ba. An kuma lura cewa shan mai yawa yana ƙara haɗarin wata irin rikicewar bugawar zuciya.

Abubuwa biyu sun fi samun goyon baya. Na farko, giram 4 a rana yana sauko da kitsen jinin da ake kira tiragilisarayid da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, amma wannan aikin likita ne. Na biyu, wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 70 na mata kusan 20,000, ya nuna cewa ƙarin omega-3 lokacin goyon ciki yana rage haihuwar bakwaini.

Ga baligi mai lafiya, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 250 na EPA da DHA a haɗe sun wadatar a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma su ƙara miligiram 100 zuwa 200 na DHA. Wannan lamba ta 250 ita za a riƙe domin lissafin da ke tafe.

Karanta takarda da lissafin araha

Lamba 1000 da ke gaban kwalba nauyin dukkan man da ke cikin ƙwaya ɗaya ce. A man kifi na yau da kullum, daga cikin miligiram 1000 ɗin nan EPA 180 ne, DHA 120, jimilla 300. Sauran 700 wasu nau'o'in maiƙo ne da ake samu a kowane abinci. Akwai kuma man da aka tace aka tattara ƙarfinsa, wanda ƙwaya ɗaya kan ɗauki miligiram 600 ko fiye. Gaskiyar kwalba tana bayanta, a jadawalin nan mai ƙananan haruffa. A nan mai saye zai nemi layin EPA da layin DHA ya tara su. Kwalbar da ta ce omega-3 kawai, ba ta faɗi nawa ne EPA nawa ne DHA ba, a mayar da ita kan kanta.

Tarko na biyu yana saman jadawalin, inda ake faɗin ƙwaya nawa lambobin ke nufi. Wani kamfanin lissafin ƙwaya ɗaya yake bayarwa, wani na biyu, wani na uku. Wanda bai lura ba sai ya zaci ƙwayarsa ta ninka ainihin ƙarfinta.

Ga misali da farashin da aka ƙaddara domin koyo kawai. A ɗauka akwai kwalabe uku, kowace da ƙwaya 100:

Ta farko, N4,500. Jadawali ya ce EPA da DHA miligiram 300 a ƙwaya biyu, wato 150 a kowace. Jimilla miligiram 15,000, ko giram 15. Giram ɗaya ya kama N300.

Ta biyu, N6,000. EPA 180 da DHA 120 a ƙwaya ɗaya. Jimilla giram 30. Giram ɗaya ya kama N200.

Ta uku, N9,000. EPA 360 da DHA 240 a ƙwaya ɗaya. Jimilla giram 60. Giram ɗaya ya kama N150.

Kwalbar da ta fi araha a ido ita ce ta fi tsada a aiki, har ta ninka ta ukun. Wannan ba ya nufin mai tsada ce kullum ke cin nasara. Sau da yawa man 300 ɗin nan na talaka, idan kamfanin kirki ne ya yi shi, shi ke fitowa a gaba, kuma ƙwaya ɗaya tasa ta riga ta cika 250 ɗin da ake bukata. Ƙa'idar dai ɗaya ce: a raba kuɗin kwalba da yawan giram na EPA da DHA da ke cikinta. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Da wannan ma'auni ake gane wasu kayan da sunansu ya fi aikinsu. Kwalbar da aka rubuta wa Omega 3-6-9 tana sayar wa mutum abin da ke madafinsa ne, domin man gyaɗa cike yake da omega-6 da omega-9, na tara ɗin ma jiki yana yin abinsa. Man kiril, wanda ake samu daga wasu ƙananan jatan lande na tekun kudancin duniya, yawanci EPA da DHA ɗinsa kaɗan ne a ƙwaya, kuɗinsa kuma mai yawa. Man gansakuka yana da amfani ga wanda ba ya cin kifi ko kaɗan, amma shi ma ya fi tsada.

Farashin man kifi yana hawa da sauka saboda wani dalili da ke nesa da kantin magani. Kaso mai yawa na man duniya daga kifin ancobi na gaɓar tekun Peru yake fitowa. Idan yanayin nan da ake kira El Nino ya zo, ruwan gaɓar ya ɗumama, kifin ya yi ƙasa ko ya ƙaura. A 2023 gwamnatin Peru ta soke babban zangon su na farko na shekara, farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Bugu da ƙari, mafi yawan man ba mutane ke shan sa ba, a abincin kifayen kiwo ake zuba shi. Saboda haka man da aka ga arahar sa ta wuce hankali abin tuhuma ne.

Lalacewar mai

Tagwayen ɗaurin da suka ba EPA da DHA amfaninsu su ne kuma rauninsu. A kusa da su ne iskar oksijin ke kama sarƙar, kamar yadda take kama ƙarfe ya yi tsatsa. Da yake DHA yana da su har shida, man kifi ya fi man gyaɗa saurin lalacewa nesa ba kusa ba. Da farko sinadaran da ake kira feroksayid ke samuwa, ba su da wani wari. Daga baya su farfashe su zama wasu ƙananan sinadarai masu ɗoyi da ɗaci. Zafi da haske da iska su ke hanzarta aikin. A ƙa'idar da ɗaliban kimiyyar sinadarai suka sani, ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan canji. Yawancin kwalabe suna cewa a ajiye su a ƙasa da digiri 25, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara yana wuce digiri 40. Kwalbar da ta yi watanni a shagon kwano, ko a tiren mai talla a tasha, tana iya lalacewa tun ranar daina aikinta ba ta zo ba.

A 2017 hukumar Codex, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa tare, ta fitar da mizanin man kifi. Awon feroksayid kada ya wuce 5, awon anisidin, mai nuna lalacewar mataki na biyu, kada ya wuce 20. Akwai kuma jimillar da ake kira TOTOX, wadda ake samu idan aka ninka awon farko sau biyu aka tara da na biyu, ita kuma kada ta wuce 26. Matsalar ba ta ƙasashe masu zafi kaɗai ba ce. A 2015 masana a Niyu Zilan suka auna nau'i 32 na man kifin da ake sayarwa a ƙasarsu, suka ba da rahoton cewa uku kacal ke ɗauke da EPA da DHA daidai da abin da aka rubuta, mafi yawa kuma sun wuce iyakar lalacewa. Wani awon da aka sake yi da tallafin masu sana'ar, aka buga a 2017, ya sami sakamako mafi kyau. Saɓanin ya nuna cewa ko a ɗakin gwaji awon yana bukatar kulawa.

Mai saye ba shi da ɗakin gwaji, amma yana da hanci da harshe. Idan aka huda ƙwaya da allura, lafiyayyen mai ɗan ƙarni kaɗan yake yi irin na sabon kifi. Wanda ya lalace yana warin ruɓaɓɓen kifi ko tsohon fenti, yana kuma maƙaƙi a maƙogwaro. Ƙwayoyin da suka manne da juna, ko suka yi yoyo, alama ce ta zafi ya taɓa su. A yi hattara da man da aka sa wa ƙanshin lemo, domin ƙanshin yana iya rufe wari. Ya fi kyau a zaɓi kwalba mai duhu, wadda ranar daina aikinta ke da nisa, wadda kuma za a iya shanyewa cikin wata biyu ko uku. Babbar kwalba takan fi araha a lissafi, amma idan rabinta zai lalace kafin a kai gare shi, an yi asara. A gida a rufe ta sosai, a ajiye a firiji, ko a wuri mafi sanyi da duhu a ɗaka.

Tsabta da shaidar hukuma

Mutane da yawa suna tsoron zaiba, gubar nan da ta halaka mutane a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956. Zaiba a naman kifi take maƙalewa, musamman manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, kuma kaɗan ce ke bin mai. Abin da ya fi bin mai shi ne wasu dafin masana'antu masu narkewa a kitse, irin su dayoksin, waɗanda kamfanonin kirki ke cirewa wajen tacewa. Wannan ba abin da ido ke gani ba ne, don haka ake bukatar shaida.

A Amurka, inda kwalabe da yawa ke fitowa, wata doka ta 1994 ta ba da damar sayar da irin waɗannan kayan ƙarin abinci ba tare da hukuma ta gwada amfaninsu tukuna ba, saɓanin magani. Rubutun ƙasar waje a jikin kwalba ke nan ba shaida ba ne. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke auna kayan su ba da tambari, kamar USP da IFOS, ita IFOS har takan wallafa sakamakon kowane rukuni a intanet. A Nijeriya, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke ba da lambar rajista. A duba wannan lamba, da lambar rukuni, da ranar yi da ranar daina aiki, da suna da adireshin kamfani, a kuma tabbata hatimin murfi bai tsinke ba. Sayen kaya a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya fi kwanciyar hankali.

Fatar ƙwayar da jelatin ake yin ta, wanda ake samu daga fata da ƙashin shanu ko alade ko kifi. Wanda addininsa ya hana shi alade sai ya nemi inda aka faɗi asalin jelatin ɗin, ko tambarin halal, ko ya sayi man ruwa da ake sha da cokali.

Akwai wasu gwaje-gwaje biyu da 'yan talla ke ruɗin mutane da su. Na farko, su ɗiga mai a kan farar robar nan mai kumfa da ake zuba abinci a ciki, idan ta narke su ce guba ne. Gaskiyar ita ce, wajen tattara ƙarfin mai akan juya shi zuwa wata siffa da ake kira etil-esta, ita ce ke narkar da robar, kuma da ita aka yi gwajin Italiya da VITAL da REDUCE-IT. Abin da kawai take bukata shi ne a sha ta tare da abinci mai maiƙo domin hanji ya tsotse ta sosai. Na biyu, su sa ƙwaya a ƙanƙara, idan ta yi gajimare su ce jabu ce. Wannan daidai yake da a ce manja jabu ne domin ya daskare da hunturu.

Kifin kasuwa

Lissafin araha bai cika ba sai an sa kifin kansa a ciki. Miligiram 250 sau bakwai ya ba da 1,750 a mako. Kifayen teku masu maiƙo da ake sayarwa a daskare, irin su taitus da shawa, da sadin na gwangwani, suna da kimanin giram 1 zuwa 2 na EPA da DHA a kowane giram 100. Cin irin wannan kifi sau biyu a mako ya biya bukatar, kuma shawarar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ke bayarwa ke nan. Ga shi kuma kifin ya zo da sinadarin gina jiki da bitamin D, sadin ma har da kalsiyam na ƙayarsa mai laushi. Karfasa da tarwaɗar kiwo abinci ne mai kyau, amma omega-3 ɗinsu bai kama ƙafar na waɗancan ba.

Kwalba ke nan ta fi dacewa da wanda ba ya samun kifi mai maiƙo ko ba ya iya cin sa, da wanda likita ya umarta. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, da mai rikicewar bugawar zuciya, da wanda kifi ke sa wa borin jini, duk su nemi shawarar likita kafin su fara. Babban haɗari kuma shi ne mai hawan jini ko ciwon sukari ya bar maganin asibiti ya koma ga man kifi. Babu gwajin da ya nuna zai iya maye gurbinsu.

Kammalawa

An ga cewa man kifi sinadarai biyu ake nema a cikinsa, EPA da DHA, kuma amfaninsu ga mai lafiya bai kai yadda talla ke kururutawa ba. Wanda zai saya ya bambance man hanta da man jiki, ya juya kwalba ya tara lambobi biyun, ya raba kuɗi da giram, ya duba shaidar hukuma da kwanan wata, sa'an nan ya huda ƙwaya ɗaya ya sunsuna idan ya isa gida. Ɗalibin da ya iya wannan zai iya tsare wa gidansu kuɗi da lafiya a gaban kowace kanta.

Tambayoyi da aikin aji

1. Me ya sa man kifi ya fi man gyaɗa saurin lalacewa?

2. A misalin kwalabe ukun nan, nawa ne kuɗin miligiram 250 na EPA da DHA a kowace?

3. An auna wani mai aka sami feroksayid 4, anisidin 19. Nawa ne TOTOX ɗinsa? Ya cika mizanin Codex?

4. Me ya sa gwajin da aka yi a kan dubban mutane ya fi rahoton Girinlan ƙarfin hujja?

5. Malami ya raba aji rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya matse ƙwaya biyu a ƙananan murafu biyu masu tsabta, ya ajiye ɗaya a rana, ɗaya a rufe a wuri mai duhu da sanyi. A riƙa sunsunawa kullum har kwana bakwai ana rubuta abin da aka ji, ba tare da an ɗanɗana ba. A ƙarshe kowane rukuni ya bayyana wa aji abin da ya gano da dalilinsa.